Kunnuwan Jitar Malam Zakiyyu

"Waccan ta farko ce ta cuce ni," in ji Malam Zakiyyu, yana ajiye sabuwar jita a tabarma.

Tun damina yake koyon kiɗa a gidansa na Kusada, amma in ya kaɗa sai ka rantse akuya ce ta maƙale a danga. Matarsa Shamsiyya ta kafa sharaɗi: in wannan ma ta yi kukan akuya, shi da jita har abada.

Bai damu ba. A shagon da ya sayo ta a Kankiya, mai kayan ya murɗa kunnen nan, ya murɗa na can, ya kaɗa masa ita, daɗi har cikin ƙashi.

Sai dai Malam ba ya ƙaunar abu a karkace, ko takalman masallaci sai ya jera su. Ya dubi kunnuwan da ke ɗaure wayoyin, ya yi tsaki.

"Dubi sakaci, Shamsiyya! Kowane kunne ya kalli gabansa."

Ya bi su yana murɗawa har suka miƙe kamar sahu, daidai yadda ya gyara ta farko ranar da ya sayo ta. Ya gyara zama, ya kaɗa.

Akuyar maƙwabta ta amsa.

"Mutanen yanzu," in ji shi, "babu amana."