Ruwan da Bai Kai Ƙarshen Lambu ba

Na ji ka kana ta jero mini rabe-raben mulki, wai akwai na mutum ɗaya, akwai na 'yan tsiraru, akwai na jama'a. To, madalla da karatu. Gyara zama ka ji misalin wani mai noman rani da ya ɗanɗana duka ukun cikin shekara uku. Lambunsa na albasa shi ne na ƙarshe a bakin magudanar da ke kawo ruwa daga madatsa, sai kowa ya sha ya ƙoshi kafin ragowar ta gangaro masa. A shekarar farko ruwan yana hannun mutum ɗaya, wani mai ƙaton lambu a gindin madatsar. Shi ke buɗewa, shi ke toshewa, ba mai ce masa don me. Tumatirinsa har ruɓewa yake saboda yawan ruwa, alhali ƙasar mai albasa ta tsattsage kamar faso. Da tura ta kai bango mutane suka yi masa ca, suka tuɓe shi, aka naɗa dattawa biyar. Mai albasa har 'yar rawa ya taka a bakin lambu. Ashe cikin biyar ɗin biyu surukan tsohon da aka tuɓe ne, ɗaya ƙaninsa, sauran biyun kuwa a zaurensa suke cin tuwo. A da baki ɗaya ke shan ruwan, yanzu sun zama biyar. In mai albasa ya kai kuka wurin wannan a ce sai wancan ya dawo daga kasuwa, in wancan ya dawo a ce na uku ba ya jin daɗi. Albasar da ya cire a shekarar ko girman goro ba ta kai ba.

A shekara ta uku aka yi shela cewa mulki ya koma hannun jama'a, kowa yana da baki, za a taru a gindin tsamiya bayan la'asar a raba kwanakin ruwa da yardar kowa. Bawan Allah ya gaskata. Ya sayar da akuyarsa ɗaya tilo ya sayi iri, ya yi dashe, ya yi ta bitar maganar da zai faɗa har matarsa ta haddace. Ba wani abu yake nema ba, yini ɗaya a mako a bar ruwa ya wuce ya isa ƙarshe. Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi a gaba, to wa kake tsammani ya hau? Su ne dai, da tsohon a tsakiya, yanzu wai sunansa shugaban taro. Suka yi ta gaishe-gaishe da yabon juna har rana ta yi ja, sannan aka faɗi rabon kwanaki, na bara ne sak. Shugaba ya ce, "Akwai mai magana?" Mai albasa ya miƙe daga can baya, ya yi gyaran murya, ya ce, "Allah ya ba ku nasara, ni dai..." Tsohon ya dube shi ido cikin ido, ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Al-Fatiha!" Hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Wa ya isa ya yi magana ana addu'a? Wa kuma ya isa ya tono zancen da aka shafa wa Fatiha? Haka ya tsaya da maganarsa a baki, shi ma ya ɗaga hannu, ya shafa, ya haɗa da hawayen da ke fuskarsa. Kai, wannan rashin tsoron Allah da me ya yi kama! A ce addu'a aka mayar marfin bakin talaka! Wallahi abin yana ci mini rai. Aka watse ana cewa jama'a sun amince, ko mutum ɗaya bai ƙi ba. Kafin wata ya mutu dashen ya kwanta, ya bushe, mai albasa ya bar wa awakin maƙwabta. Saboda haka in an faɗa maka sunan mulki, taka ka je ƙarshen lambu ka taɓa ƙasa. Hausawa dai sun riga sun faɗa: tsugune ba ta ƙare ba, an sai da kare an sayi biri.