Agogon Malam Junaidu

Taku dubu goma sha huɗu da ɗari biyu. Abin da wayar Mansur ta nuna ke nan, wai shi mahaifinsa ya yi jiya. Malam Junaidu, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar wata bakwai, wanda ko juyawa ba ya yi sai an juya shi.

Mansur ya ture fayil ɗin da ke gabansa, ya fizgi makullin mota. Ko sallama bai yi wa abokan ofis ba.

Shi ya saya wa mahaifin nasa agogon. Irin na zamani ne, mai auna bugun zuciya da barci da motsin jiki, ya turo komai cikin waya. Shi kuma ya ɗauko Lantana, ma'aikaciyar jinya daga wani kamfani mai kula da tsofaffi a gida, tana zuwa da safe ta tashi da azahar. Da ya haɗa biyun nan sai ya ji ya fita hakki. Daga gidansa na Arkilla zuwa Ƙofar Marke ba wata tafiya ba ce, amma aiki ya yi yawa, kuma ai ga waya. In ya kira mahaifiyarsa, Inna Kaltume, amsarta ba ta canzawa: "Lahiya lau muke."

Sati uku rabonsa da buɗe manhajar. Yau ma don ta ishe shi da jan gargaɗi ne. Sai ga abin takaici. Kullum taku dubu goma, dubu sha biyu. Barci awa biyu da rabi. Bugun zuciya yana hawa yana sauka kamar na wanda aka biyo da gudu. Ba sai an gaya masa ba: Lantanar nan ta cire agogon tsoho ta ɗaura a hannunta, tana yawon gidajen biki da shi. Ga saƙonninta har huɗu da bai taɓa buɗewa ba. Yanzun ma ba zai buɗe ba. Ƙaryar da za ta yi, ta yi ta a gaban idonsa.

A hanya saura kaɗan ya kwashe wani mai keke. Ya zuge gilashi ya zazzaga masa masifa, ya ƙara wuta.

A tsakar gida ya tarar da Inna Kaltume tana shanya zannuwan gado, har biyar a kan igiya. Da wannan zafin tana cikin dogon hijabi. Ta dafa bango ta miƙe a hankali, ta ce, "Maraba. Ka taho?" Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ya gaishe ta a tsaye, ya wuce. Ita kuma ta nufi madafa don ɗauko ruwan zafin da ake gasa wa Malam jiki.

Ɗakin fes yake, yana ƙamshin turaren wuta. Malam Junaidu na kwance, an gyara masa gemu, an sa masa farar riga. Mansur ya ɗaga hannunsa na dama, ya ɗaga na hagu. Babu komai.

Lantana tana bakin gado tana naɗe abin awon jini. Ya dubi hannuwanta. Su ma babu komai. Wato ta ji tsayuwar mota ta jefa shi jaka.

"Ina agogon Baba?"

"Sannu da zuwa, Alhaji. Agogo yana hannun marar lahiya."

"Ni za ki raina wa hankali? Ga hannunsa nan!" Ya cusa mata wayar a fuska. "Baba ne ya yi wagga tafiya? Mutumin da ba ya ɗaga cokali? An ba ki amanar tsoho, kin rasa abin da za ki ɗauka sai abin da ke tsare rayuwarsa. In da wani abu ya same shi fa, wa zai sani?"

Malam Junaidu ya yi ta motsa baki, maganar ta ƙi fita. Idonsa yana kan ƙofa, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Ganin haka ya ƙara tunzura Mansur.

"Daga yau kin bar gidan nan. Kuma wallahi sai kamfaninku ya ji, sai an karɓe takardar aikinki."

Lantana ta zuge jakarta ta miƙe.

"Awa biyar nike yi a gidan ga, Alhaji. Sauran sha tara ɗin, ka taɓa tambaya? Sau huɗu ina roƙonka ka taho mu yi magana. An rantsar da ni kada in hwaɗi, shi ya sa na bar na'urarka ta hwaɗa maka. Sati uku tana ihu a aljihunka."

"Ba na son surutu. Buɗe jakar."

"Ba na buɗewa. Akwai wurin da ake dannawa agogon ya yi ƙara. Danna."

Ya danna da ƙarfi kamar zai fasa gilashin, idonsa a kan jakar.

Jakar ba ta ce komai ba. Daga bayansa ƙarar ta taso, siririya, tana matsowa tare da jan takalmi da wani numfashi mai sarƙewa. Ya juya. A bakin ƙofa Inna Kaltume ce tsaye, da kwanon ruwan zafi a hannu, tana ta ƙoƙarin danne tsintsiyar hannunta a ƙarƙashin hijabi don agogon ya yi shiru.