Guɗar Goggo Tabawa

A zamanin da hukuma ke ba duk matar da al'adarta ta ɗauke shukar numfashi a tukunya, Goggo Tabawa ta ɗora tata a ka, ta nufi bikin 'yar ƙaninta. Tun da asma ta kama ta ba ta ƙara guɗa ba, ga amarya ta rantse ba za ta fito ba sai ta ji muryarta.

"Yaya, shaƙi sosai, kada ki ba mu kunya," in ji ƙanwarta Dudu.

Goggo Tabawa ta shaƙi ganyen shukar har ƙirjinta ya buɗe, ta rangaɗa guɗa. Gida ya kaure da shewa, amarya ta fito. Ganye ɗaya ya faɗo a bushe, shukar kuwa ba ta yin sabon toho. Dudu ta take shi tana rawa, don kada yayarta ta gani.