Huhun Hagu Ya Yi Shiru

Sai da malamin jinya ya kira sunan sau uku sannan mutumin ya miƙe daga benci.

"Bakari Kolo. Kurma ne, ko sai an aiko maka da doki?"

Ya shiga da kati a hannu, hula ta sauko masa har gira. Katin ya sha ruwan ambaliyar bara, hoton da ke jiki ba abin da ya rage masa sai gemu da inuwar hanci. Malamin ya dubi hoto, ya dubi gemu, ya nuna masa kujera.

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a bakin ruwan Baturiya ya san Bakari, ya kuma san tarinsa. Tun yana cikin kwale-kwale ake jiyo shi kafin a hango shi. Shekara uku ke nan. An ba shi zuma, an ba shi tafarnuwa, an yi masa rubutu ya sha, tari ya ce yana nan daram. Asibiti kuwa ko ƙofarsa bai yarda ya bi ba, wai wanda ya tafi neman ciwo ba ya dawowa hannu rabbana.

To, bana ba mafita. Shekara ashirin da biyu shi da ƙaninsa Fannami suna fafutuka ɗaya: Bakari a ruwa da raga, Fannami a tudu gaban murhun bandar kifi daga hantsi har magariba. Ran da guminsu ya kai kujerar Makka guda, ba a yi gardama ba, babba ne zai fara. Masu bakin zuma har sun soma kiransa Alhaji. Abu ɗaya ya rage, likita ya sa hannu cewa ƙirjinsa zai ɗauki tafiyar. In babu wannan sa hannun, kujera ta tashi.

A ƙaramin asibitin nan na Haɗeja, Likita Abdulmannan ya samo wata na'ura da yake ji da ita kamar ɗan fari. Ya sa aka cire riga, ya manna wa mutumin wasu ƙananan faifai kamar marafan kwalba, layi-layi daga kafaɗa har ƙugu, kowanne da wayarsa. Ba allura, ba tsaga. Kunnuwa ne kawai. Su saurari iskar da ke shiga da fita, kwamfuta ta mai da ƙarar hoto: inda iska ta shiga, wurin ya yi duhu kamar hadari na haɗuwa, inda ba ta kai ba ya tsaya fari fat.

Mutumin ya ji bayanin ya yi murmushi, irin na wanda ya riga ya ga kifi a raga. Ya ja numfashi ta baki, ya saki, ya sake ja. Ko tari ɗaya bai yi ba. Can waje ƙarƙashin darbejiya wani na ta tari kamar zai amayar da hanjinsa, amma asibiti ne, wa ya kula.

Likita ya dubi allon kwamfuta ya daɗe. Ya tashi ya danna wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ce a sake. Aka sake har sau uku. Hadari ya haɗu a dama, ya cika, ya watse. A hagu ya tsaya a sama kaɗan, daga nan zuwa ƙasa fari.

"Baba, mece ce sana'arka?"

"Su."

"Hayaƙi fa?"

"Ni ruwa nake shiga."

Likita ya kalli faratan mutumin da suka yi baƙi ƙirin, ya kalli jajayen idanunsa, ya wuce zancen. Mai asibiti in ya ce zai bi ƙaryar kowa, ba zai ci abincin rana ba.

"In ka ɗauki kaya kana haki?"

Nan mutumin ya tuna. Tun kaka, kwalin kifi ɗaya sai ya ajiye shi sau biyu kafin ya kai bakin mota. Wandonsa ma ya fara neman igiya. Ya ɗora wa shekaru laifi, tun da dai shi ba ya tari.

Likita ya juyo masa da allon. "Huhunka na dama na aiki. Na hagu daga nan ya yi shiru. Na'urar nan ba ta yanke hukunci, sai ka je Kano an ɗauki hoton ƙirji an gwada kaki. Amma ka tafi cikin makon nan, kada ka ce sai bayan girbin shinkafa. Takardar Makka kuwa, ba zan sa mata hannu ba."

"Likita, don Allah a sake. Ƙirjin nan lafiyarsa ƙalau. Ai shi ya sa..." Ya haɗiye sauran.

"Sau uku na sake. Ba ciwo mai surutu kaɗai ke kisa ba, Baba. Akwai mai cin mutum kamar gara, sai rufi ya rufta a sani."

Ya ɗauki jan biro ya ja layi a ƙarƙashin sunan Bakari Kolo.

Mutumin ya sa rigarsa a bai-bai bai sani ba. Ya fito rana, takardar tura shi Kano a hannu ɗaya, kati mai jan layi a ɗayan. Taki goma ne daga ƙofa zuwa darbejiyar, amma yanzu da aka gaya masa, kowane numfashi sai ya ji shi yana tsayawa a rabin hanya.

Dattijon da ke tari a gindin bishiyar ya ɗago, kansa ba hula, ya share baki da hannun riga, fuskarsa cike da fata.

"Ba ni hulata, Fannami," in ji Bakari. "Ai na ce maka ƙirjinka zai fid da mu kunya. Ya sa hannun ko?"