Man Sheƙi a Kan Binuwai

"Dokar gasa ce, malam," in ji alƙalin. "Ba a shafa wa zanen fentin ruwa man sheƙi. Ka kankare, ko ka kwashe kayanka."

Mai zanen ya dubi aikinsa: Kogin Binuwai a Garwa, cike maƙil, ba kowa a kansa. Wanda ya ci gasar, karatu za a tura shi Yawunde.

"Yallaɓai, ba don ado na shafa ba. Takardar ce ta ƙi bushewa."

Alƙalin ya yi dariya, ya miƙa masa reza.

Mai zanen yana kankare gefe ɗaya, ruwan laka ya tsiyayo kan tebur. Ta tsagar da rezar ta yi kuma muryar ƙaninsa da kogin ya ci bara ta fito:

"Yaya, ƙara buɗewa."