Kunkuru na Hamsin

Tela ne ya kawo na hamsin, a cikin bokitin wanki, yana haki kamar daga bakin kura ya ƙwato shi. Manajan cibiyar kula da namun daji ya tarbe shi a bakin ƙofa da murmushin nan nasa da ba ya fitowa sai an ɗaga kyamara.

Cibiyar dai ba ta da abin nunawa. Ɗaki biyu ne, da tafki mai gansakuka, da kejin biri wanda birin ya daɗe da mutuwa. Shekara guda ke nan da hedikwata ta aiko da takarda: ko a nuna ana ceton namun daji kuma mutanen unguwa na sa hannu, ko a garƙame wurin. Manaja bai damu da biri ba, amma kujerarsa mai juyawa, wannan kam yana sonta har cikin ransa.

Sai ya ƙirƙiro shiri, ya raɗa masa suna mai tsawon gaske. Duk wanda ya tsinci kunkuru ya kawo, za a ba shi riga mai tambarin cibiya, a manna hotonsa a bango. Kunkurun ya ci ganye kwana biyu, a sake shi a bayan katanga, Manaja ya yi jawabi.

Nan da nan unguwar da ba ta taɓa leƙo cibiyar ba ta cika da masu tausayin dabbobi. Mahauci ya kawo. Mai aski ya kawo. Surukar mai aski, wadda ko kyanwa ba ta bari ta taka mata tsakar gida, ta kawo nata a naɗe cikin gyale. Ba a taɓa kawo biyu a mako ɗaya ba, Manaja ya ce wannan shi ake kira tsari.

Shi kuwa ko da ɗan yatsa bai taɓa taɓa ɗaya ba. Ƙyamarsu yake yi, yakan tsaya taku biyu baya da hankici a hanci. Dokar hedikwata ta ce a ɗiga wa kowane kunkuru farin fenti a ciki kafin a sake shi. Wannan ƙazamin aiki ya bar wa tsohon maigadi.

"Yallabai, da ka ɗan duba cikin nasa," in ji maigadi tun a na uku.

"Baba, ɗiga fenti aka sa ka ko bincike? Ni na yi karatun abin nan, ba kai ba."

Maigadi ya ce Allah ya huci zuciyar Yallabai, ya koma bencinsa.

Ranar da jami'ar hedikwata ta zo, unguwa ta hallara cikin riguna iri ɗaya. Manaja ya yi jawabi har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Hamsin! Ya faɗa ya maimaita. Aka sauke kunkurun tela a ƙasa. Ko waige bai yi ba, ya kewaye ƙafar tebur, ya miƙe bayan ƙofa inda ake ajiye farantin ganye.

"Kin gani, ranki ya daɗe?" in ji Manaja. "Dabba ma ta san inda ake ƙaunarta."

Tela ya yi tari. Mahauci ya ɗaga kai yana nazarin silin.

Jami'a ta ji daɗi ƙwarai, har ta ce ita da hannunta za ta ɗiga wa na hamsin. Maigadi ya miƙa mata gwangwanin fenti, ya ja da baya a hankali. Ta ɗaga kunkurun, ta kifar da shi, sai burushi ya tsaya a hannunta. Manaja yana can taku biyu baya, yana gyara tsayuwa don hoto.

"Baba, a ina zan ɗiga?"

"Akwai ɗan wuri kusa da wutsiya, ranki ya daɗe," in ji maigadi. "Sauran arba'in da taran sun cinye ko'ina."