Kwamfuta Ba Ta San Naja'atu Ba

Rauda mai kitso ce ta fara ba ni labarin nan tana tsefe mini kai, ita kuwa katanga ɗaya ce tsakaninta da Inna Kulu, ba ji ta yi a kasuwa ba.

Inna Kulu ƙosai take toyawa a bakin titi a Tudun Wada, shekara ashirin da ɗoriya. Tsafta kam ba a fi ta ba. Ba ta zuba abu mai zafi a leda, sai takarda. A 'yan watannin nan ma ta dace, wani mai tura kura ya kawo mata buhu biyu na takarda mai kauri wadda mai ba ya hudawa. Tun da duku-duku take yagarta, duk wani ɗan ƙarfe da abin da ya riƙe ta ɓalle ta jefa a gwangwanin madara, kada ya shiga bakin ɗan mutane. Ba ta tsayawa kallo, idon ma hayaƙi ya gama da shi.

Da kaskon nan ta raini jikarta Naja'atu tun rasuwar uwarta, da shi ta kai ta wata kwalejin horon malamai mai zaman kanta can wajen Hanwa. Yarinya ta yi shekara uku ta gama lafiya. Sai ga aikin koyarwa ya samu a wata firamare, aka ba ta mako guda ta kawo takardar sakamako, in ta wuce a ba wata.

A shekarar ne kuwa kwaleji ta ce ta waye. Aka sayo kwamfutoci, aka yi biki aka ci shinkafa, shugaba ya ce daga yau an bar wahalar takarda.

To ji wayewar. Litinin Naja'atu ta je, babu wuta. Talata an kawo wuta, babu netiwok. Laraba akwai duka biyun, amma mutum ɗaya tak da ya san lambar buɗewa ya tafi suna Kaduna. Alhamis aka buɗe, aka buga sunanta, na'ura ta ce ba ta san ta ba. Ashe waɗanda aka ɗauko su shigar da sunaye rabi suka kai suka ce sun gama, babu wanda ya iya dubawa balle ya ƙaryata.

Ranar Juma'a Inna Kulu ta yafa mayafi ta hau keke napep da kanta. Ta tarar da Malam Kailani mai kula da bayanan ɗalibai yana ɓare gyaɗa, ya ɗora kofin shayi a kan na'urar. Sauran na'urori goma kuwa an lulluɓe su da zani kamar gawa.

"Inna, kwamfuta ba ta ƙarya," in ji shi.

"To ita ta zauna a aji shekara uku ko jikata? Ɗauko mini takardunta na da."

"Ai nan da kike tsaye shi ne ɗakin ajiyarsu. Da za a sa na'urori aka ba masu shara su ƙona."

"Kafin ku tabbatar kun kwafe? Ko ni da ban yi boko ba, ba na zubar da ruwan tulu don na ga hadari! Tir da wannan ilimi." Ta ɗaga yatsa sama. "Duk hannun da ya taɓa takardar marainiyar nan ya lalata, Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba!"

Ta tofar da yawu a bakin ƙofa ta fito.

Bayan magariba Naja'atu ta tasa tuwo a gaba ta kasa kai loma. Inna tana lallashi, tana kuma zagin kwaleji, har dai ta ce, "Wai ma ya kamannin takardun suke? Ko bola ce na tona."

"Inna, farare ne masu kauri. Ta farkon da ɗan hotona a kusurwa, an maƙala shi da ƙarfe. Na ranar da na sa hijabin nan ruwan ɗorawa da kika saya mini."

Inna Kulu ba ta ƙara zagin kowa ba. Ta ce kanta ke ciwo, ta shige ɗaki.

Washegari masu sayen ƙosai suka taru, ba a hura wuta ba. Rauda ta leƙa ta katanga ta gan ta zaune a tsakar gida inda rana ta fi haske, ta zazzage gwangwanin madara a kan faifai, tana ɗaga ƙananan hotunan 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya kusa da idonta. A na goma sha bakwai hannunta ya tsaya, ga Naja'atu tana mata murmushi cikin hijabi ruwan ɗorawa.